Ranar da Aka Buɗe Rumbun Mika'ilu

Duk wanda ya taso daga Makoda ya ratso ta gonakinmu, kafin ya hangi masallaci rumbuna yake fara gani. Ni Mika'ilu na gina shi da hannuna a bayan gida, daf da bakin gona, na ɗora shi a kan duwatsun da na ɗauko a ka daga rafi. Ƙarti huɗu in sun riƙe hannu ba za su zagaye shi ba.

Ba a cin abin da ke cikinsa. Rumbun da muke ci yana cikin gida, ƙarami. Wannan na ajiya ne. Ina saurayi aka yi babban farin nan da yaran yanzu suke ji a baki. Na ci dusa, na ci ganyen da akuya take shinshinawa ta wuce, na tona gidan tururuwa na kwashe 'yar tsabar da suka tara. Ƙannena biyu na kai makwanci a shekarar, ni kuwa ga ni nan, haƙorana ma ba su gama zubewa ba. Tun daga nan na ce ba zan ƙara kwana a duniya babu rufaffen rumbu a bayana ba. Kaka uku ina jera damin gero a cikin wannan, ina barbaɗa toka da ganyen darbejiya, sannan na liƙe bakin da laka na kifa jinka. Ban da ni da matata Furera babu wanda ya san ko cike yake ko fanko. A wajenmu ba a leƙa rumbun mutum, ba a kuma tambayarsa. Dalilin a fili yake: a shekarar tsada irin ta bana, ranar da aka san kana da hatsi ranar ya fara ƙarewa. Wannan ƙanwa ce, wannan maƙwabci ne, wannan marayu take riƙo, kowa da gaskiyarsa, kai kuma ka wayi gari iyalinka suna cikin masu roƙo.

A bazarar da ta wuce wasu 'yan fim suka zo daga Kano da motocinsu da wayoyinsu. Daraktan, wani siriri mai gilashi, ya ce sun zaga ƙauyuka da yawa ba su ga rumbu mai kwarjinin nawa ba. Na ce masa ai ba za su gani ba. Na yarda su ɗauki hoto, da sharaɗin babu mai taɓa lakar bakin. Ɗan wasansu ya hau tsani, ya ɗaga jinka kaɗan kamar mai leƙawa, ya sauko, shi ke nan. Daga baya daraktan ya tsaya yana kallona, ya ce fuskata ta fi ta tsohon da suka zo da shi. Aka sallami wancan ya koma mota. Aikina shi ne wasu masu kakin wasa su zo su tambaye ni abin da ke ciki, ni kuma in ɗaga hannu in ce, "Wallahi babu komai a ciki sai hatsi." Sau ɗaya na faɗa aka tafa. Babban ɗan wasan nasu da ake ji da shi kuwa sai da aka yi ta maimaita masa har rana ta karkata.

Sunan fim ɗin Kunne Uku, mai dogon zango ne, kowane mako da kashinsa. Labarin wani ma'aikacin tsaro ne da aka dasa a gidan wani babban ɗan siyasa a matsayin direba. Yana kai rahoto ga ogansa, yana kai wa abokin hamayyar maigidan, yana kuma kai wa wani na uku da ba a nuna fuskarsa. A rumfar Muntaka mai shayi muke kallo, shi ne mai talabijin da sola, kuma maimaicin bayan la'asar muke kamawa saboda mu tsofaffi. Tun kashin farko garin ya rabu. Malam Iliyasu, limaminmu wanda kuma yake koyarwa a firamare, ya ce shirme ne, ana koya wa yara zargin iyayen gidansu, kuma bai taɓa ganin direban da yake da lokacin yin waya haka ba. Amma ba ya fashin zuwa, yana zaune a gefe yana tsaki. Muntaka ya ce shi bai damu da gaskiya ko ƙarya ba, tunda aka fara fim ɗin madararsa ba ta kwana. Samari suka koma magana ƙasa-ƙasa, kowa yana kallon wayar ɗan'uwansa. Mata a cikin gida a wayar surukata Aina'u suke kallo, Furera kuma ta tsaya kai da fata cewa na ukun da ake kai wa rahoto uwargidan ɗan siyasar ce, wai ita ta san tafiyar mace mai ɓoye magana.

Sai da marka ta kankama, lokacin da gero ya fitar da kai amma bai nuna ba, kowane gida an koma tuwo sau ɗaya, sannan aka nuno kashin da na fito a ciki. Ga rumbuna ya cika talabijin, ga gawon da ke gefensa, ga ni da hulata. Rumfar ta kaure. Na yi rantsuwata, masu kakin suka tafi. Daga nan aka nuno direban ya hau tsani ya ɗaga jinka, sai hoto ya faɗa ciki: bindigogi a jere ƙarƙashin damin gero, ga akwatunan ƙuri'a. Wani ciki ne can daban da suka ɗauka a inda Allah ya sani, suka manna shi da bayan nawa. Aka yi ta dariya ana dukan kafaɗata. Malam Iliyasu ne kawai bai yi dariya ba. Ya ce da ni a hanyar masallaci sunan Allah ba abin wasan kwaikwayo ba ne. Na ce masa ni a kan rumbuna na rantse, kuma ban yi kaffara ba.

A makon ne aka yi sharhin fim ɗin a rediyo. Wani dakta daga jami'a ya ce an ci mutuncin manomi, an mayar da rumbu, wanda shi ne rufin asirin talaka, ma'ajiyar makamai. Na ji daɗin maganarsa, ko da yake bai ambaci sunana ba. Sai wani ɗan jarida mai murya kamar ta gwangwani ya katse shi, ya ce daktan bai san komai ba. Wai wanda ya rubuta labarin tsohon ma'aikacin tsaro ne, babu abin da ya ƙirƙira, sunaye kawai ya canza, kuma a ainihin wuraren da abubuwan suka faru aka je aka ɗauka. Masu bugo waya suka yi ta sa masa albarka.

Washegari a rumfar Muntaka aka sa ni a tsakiya. Muntaka yana zuba shayi yana cewa, "Baba ɗan leƙen asiri, a sa madara ko ogan bai aiko ba?" Wani ya ce in faɗi gaskiya, me ke ciki. Ni kuma ba a yi mini irin wannan tambaya in sunkuyar da kai. Na ce musu abin da ke cikin rumbun nan ko gwamna bai san shi ba, kuma ranar da aka buɗe shi garin nan sai ya girgiza. Magana ce ta gaskiya, kowace kalma. Ashe Kamaruddeen, shugaban 'yan sintirin unguwarmu, ya saita ni da waya. Kafin magariba maganata ta kai Ɗambatta.

Da abin ya tsaya a nan da dariya ce. To amma ranar kasuwar Ɗambatta wasu suka tare masu babura a hanyar dawowa, suka yi harbi, suka ƙwace babura, harsashi ya sami ƙanin Kamaruddeen a cinya. Ba mu saba jin bindiga ba a nan in ba ta maharba ba. Ga zaɓen kansila ya matso, kowane ɓangare yana cewa ɗayan ya shigo da kaya. Sai na ga gaisuwa ta fara gajarta. In na shiga rumfar shayi hira ta mutu. Yara da suke wasa a gindin gawo aka hana su. Furera ta ce mini an daina aiko mata aron turmi, in je in gaya wa mutane cika baki nake yi. Na ce ban taɓa cika baki ba tunda aka haife ni.

Ranar da abin ya faru na dawo daga yankan ciyawar tumaki bayan azahar, lauje a hannuna, sai na tarar da bayan gidana cike. Samari da gora, dattawa a baya, mata suna leƙe ta kan danga. Kamaruddeen yana gaba, idonsa ja, daga asibiti yake. Mai unguwa yana gefe yana share gumi, Malam Iliyasu yana kusa da shi. Wani yaro har ya jingina tsani. Na duba gabas na ga hadari ya haɗo baƙi ƙirin, iska ta tsaya cak.

Na ajiye ciyawar, na je na jingina bayana da rumbun. Ban ajiye laujen ba.

Mai unguwa ya fara da lallashi. Ya ce babu mai zargina, amma hankalin jama'a ya tashi, kuma in ba a kashe maganar a gida ba wasu za su kai ta gaba, a zo da mota a rushe rumbun har duwatsunsa, a tafi da ni. Malam Iliyasu ya karɓa, ya yi ta bayanin yadda ake ɗaukar hoto a wuri biyu a haɗa, ya ce yaran ajinsa ma sun san haka. Kamaruddeen ya bar shi ya gama, sannan ya ce Malam tun kashin farko yake cewa fim ɗin ƙarya ne, to ga mai rumbun da bakinsa ya ce garin zai girgiza, ya ɗaga wayar aka sake jin muryata. Na lura muryar tawa ta fita da kyau.

Mai unguwa ya ce to a taƙaita, in rantse a gaban liman cewa babu makami, kowa ya watse. Na ce wannan mai sauƙi ne. Na ɗaga hannu na ce, "Wallahi babu komai a ciki sai hatsi."

Sai wani daga baya ya yi wata 'yar dariya marar daɗi.

"Haka ka ce wa masu kakin, Baba," in ji Kamaruddeen. "Da hannun nan, da hular nan. Suna juya baya muka ga abin da muka gani."

Malam Iliyasu ya dube ni, ni ma na dube shi. Bai tuna mini maganarmu ta hanyar masallaci ba, kuma na gode masa. Na gane rantsuwata ta riga ta ƙare a talabijin, ba ni da wata. Na kuma gane na faɗi kalmar hatsi a gaban mutanen da rabonsu da ƙoshi tun kafin shuka.

Iska ta fara kaɗa ganyen gero. Na ce su dubi sama. Hatsin da ya shekara a rufe in ruwa ya taɓa shi ya gama yawo, su bari hadarin ya wuce, gobe da hantsi a buɗe. Wani ya ce kafin gobe an kwashe kayan. Wani kuma, ban ga fuskarsa ba amma na gane shi don muryar ubansa gare shi, ya ce in ba za a buɗe ba a sa wa jinkar ashana kowa ya huta. Na ji Furera daga bayan danga tana salati.

A nan na yanke. Na ce babu ƙafar da za ta riga tawa hawa. Na soke laujen a ƙugu na hau tsanin nan, ni da jikokina suka yi aure, ban ko riƙe hannun kowa ba. Na ture jinka ta faɗi ƙasa. Na sa ƙotar lauje na fasa lakar da na liƙa da hannuna. Ƙamshin tsohon gero da toka ya bugo ni, ya sauka har kan mutane, na ga hancinsu ya ɗaga. Na sauko na ce Malam Iliyasu da Kamaruddeen su hau su gani, su biyu kawai, su faɗa wa jama'a. Malam ya hau ya leƙa ya sauko, ya ce abinci ne, bai faɗi yawansa ba, kamar yadda mutumin kirki zai yi. Kamaruddeen ya hau ya daɗe yana kallo.

"A fim ɗin ma gero ne a sama," in ji shi, a hankali, kamar ba ya son faɗa. "Sai an ga ƙasa."

Ya dira ciki ya fara miƙo dami. Ni na koma bakin rumbun a kan tsani, ta gefena suke wucewa, hannu zuwa hannu har ƙasa. Zangarniya tsaf, babu ƙwaro ko ɗaya, kamar jiya aka yanke. Tarin yana tashi, surutu yana raguwa. Masu gora suka sassauke gorarsu. Babu wanda yake maganar bindiga kuma. Kowa gero yake kallo, ni kuma su nake kallo, na san kallon, na yi shi da idona ina saurayi.

An kusa kwashewa aka fara yayyafi, manyan ɗigo masu nauyi. Mai unguwa ya ce a taimaka a kai inuwa. Aka rufar wa tarin. Na farko suka nufi zaurena, zauren ya cika. Na biyu suka nufi masallaci. Sai ruwan ya tsuge gaba ɗaya, na ga wani yaro da dami a ka ya wuce zaure, ya wuce masallaci, ya sha kwanar gidansu. Wani ya bi shi. Sai wata mata da ta fito daga bayan danga ta sunkuci ɗaya ta rufe da mayafi.

Daga kan tsani babu lungun da ba na gani. Laujena yana ƙugu, kuma har yau in na yi tsawa jaki yana tsayawa. Da na kira ɓarawo sau ɗaya, da samarin da suka zo kama mai bindiga sun koma kama 'yan'uwansu, da an zubar da jini a kan gerona, a garin da kabarin ubana yake. Kuma wanda aka kira ɓarawo a gaban jama'a ba ya ƙara haɗa ido da kai har ku mutu. Gona da gona muke, kunyar wannan tana shiga ta wancan, ina za mu kai juna?

Sai na cika ƙirji na kira yaron farko da sunansa da sunan ubansa. Ya tsaya cak a cikin ruwa, damin yana rawa a kansa.

"Ka gaida uwarka," na ce, yadda kowa zai ji. "Ka ce mata Mika'ilu ne ya ce a kawo. A shanya shi a ɗaki, kada a bar shi a ɗaure."

Ya tsaya kamar bai gane ba, sannan ya ruga. Na kira na biyu, na kira matar, na kira wanda ya yi maganar ashana, shi ma da sunan ubansa. Duk wanda ya ɗauka sai na ambace shi na ce na ba shi. Ruwa yana shiga bakina ina kira. Wasu da suka ji sunansu suka juyo suka ajiye a masallaci, wasu suka wuce, ban hana kowa ba. Malam Iliyasu ya cire rawaninsa ya lulluɓe abin da ya iya lulluɓewa, yana tsaye a kai kamar mai gadi.

Muna cikin haka na ji murya daga ƙarƙashina. Na manta da Kamaruddeen. Ya kai ƙasan rumbun, ruwa yana zuba masa ta bakin da na fasa, toka ta zama kunu har idon sawunsa, bangon ya yi santsi ba ya iya hawowa. Ya ce Baba a miƙo igiya. Na tambaye shi me ya gani. Ya ce babu komai. Na ce ban ji ba, ruwa ya yi ƙara, kuma mutanen da ya tara ma ba su ji ba. Sai da ya faɗa da ƙarfi har rumbun ya amsa kamar ganga, sannan na sa aka jefa masa igiya. Da ya fito ya durƙusa a taɓo zai yi magana, na ce ya tashi ya ɗauki dami ya kai wa mai jinya, mai rauni ba ya warkewa da yunwa.

Abin da ya rage a zaure da masallaci muka baje shi a ɗakuna, har ƙarƙashin gadon Furera. Wani ya yi baƙi, wani ya tsiro, wanda ya tsira shi muka ci har sabon gero ya shigo. Furera ba ta yi mini magana ba sai da aka kwana biyu, da ta buɗe baki kuma cewa ta yi gara da aka yi, yanzu na huta da gadin abin da ban ci ba. Rumbun kuwa ruwan da ya sha ta ciki ya jiƙa gindinsa, ya tsage daga ƙasa, wata safiya muka tashi muka tarar ya zauna a kan duwatsunsa.

Yanzu kaka ta wuce, ƙasa ta bushe. Na haƙo jar laka daga kududdufi, na zuba mata ciyawa, kullum da safe ina cikinta har gwiwa ina kirɓawa. Kamaruddeen ya turo samarinsa su taya ni, na ce su tsaya daga gefe su kawo ruwa kawai, ƙafarsu ba ta san laka ba. 'Ya'yana suna cewa in bari, shekaruna sun wuce ginin rumbu, wai wa zai cika shi. Na ce su matsa mini daga hanya, inuwarsu tana hana lakar shan rana.